Taurari Tara da Romon Surukina

Ni ne Yau Kam-tong, wanda 'yan layinmu na Kowloon City ke kira Kawu Tong. In ka ji an ce Kawu Mai Kwalba, to ni ɗin ne dai, kuma gara ka ji labarin daga bakina kafin Goggo Lin mai sayar da turare ta tare ka da nata, don ita ba ta ba da labari sai ta ƙara masa ƙafafu.

Shekara talatin da ɗaya ina jan ƙaramar bas mai jan rufi. Da na ajiye sitiyari sai na dawo shagon matata Yuk-han, aka ɗora ni a kan babban muƙami na goge tebur. Shagon dafaffiyar agwagwa ne, tebur shida, kuma duk darajarsa tana cikin tukunya guda da ke kusurwar baya. Romon da ke cikinta mahaifinta ne ya ɗora shi shekara arba'in da uku da suka wuce. Tun daga ranar ba a taɓa zubar da shi ba, ba a taɓa wanke tukunyar ba. Kullum da safe Yuk-han za ta tafasa shi, ta kwashe kumfa, ta ƙara baƙin ruwan waken suya da kirfa da citta, sannan ta zuba agwagin ranar. Duk agwagwar da ta shiga sai ta bar wa ta gobe ɗanɗano. Tsoho ya rasu, romonsa na nan. Ranar da aka haifi 'yarmu ma, daga gadon asibiti Yuk-han ta aiko a tambaya ko an tafasa.

Abin da ya tsone mini ido shi ne Sifu Pun, wato Malam Pun, mai duban feng shui na unguwa, ilimin tsara gida bisa taurari don jawo arziki da kauce wa masifa. Duk farkon Fabrairu, lokacin da taurari tara, kowanne da lambarsa, ke sauya ɗaki, sai ya shigo da kamfas ɗinsa mai faɗin faranti. Kowa ya miƙe. Ya raba shago gida tara a takarda, ya ce bana Takwas ta arziki tana nan, Biyar ta masifa tana can, kada a buga ƙusa a bangon nan. A ba shi cinyar agwagwa, a ba shi jan ambulan na kuɗi. Ni kuwa ina tsaye da tsumma.

Wata rana na ce masa, "Sifu, wannan lissafin naku wata nawa ake koyonsa?"

Ya ce, "Shekara ashirin, in mutum yana da kai. Akwai tauraron dutse, akwai na ruwa, akwai na shekarar da aka gina gida, ga na bana, ga na wata. Duk a ɗaki guda suke haɗuwa, wasu na shiri, wasu na gaba da juna."

"In ba shi da kai fa?"

"Sai ya goge tebur."

Yuk-han ta yi dariya. Wannan dariyar ce ta jawo komai.

'Yarmu da ke Kanada ta taɓa sa mini ƙirƙirarriyar basirar nan a waya, wai don in daina kiranta ina tambayar sunan magani. Na raɗa mata suna Sakatariya. Ranar na zauna a bayan shago na rubuta mata, taurarin bana ina suka sauka? Kafin in kurɓi shayi sau biyu ta jero mini gida tara da lambobinsu. Amma ba wannan ne ya kashe ni ba. A saman amsar ta rubuta, "Wannan tambaya ce mai zurfi." Ni Kam-tong, shekara talatin da takwas da aure, ba a taɓa cewa na yi tambaya mai zurfi ba. Sai da na karanta layin sau huɗu.

A ƙarƙashin zanen akwai dogon bayani, wai a lura da kaza, a tabbatar da kaza. Ban karanta ba. Na san irin wannan, kamar takardar da ke cikin kwalin magani ce, ta matsorata. Na sayi jar takarda, na kwafe lambobin da buroshi, na rubuta kudu a sama kamar yadda na ga ana yi a littafin kwanaki tun zamanin kakana. Na ɗora a kan shagonmu. Takwas ta arziki ta faɗa daidai bakin ƙofa. Biyar ta masifa kuwa ta yi zaman dirshan a kusurwar baya, a kan tukunya.

Na sami Yuk-han tana sara agwagwa. Na ce, "Bana ba sai an kira Sifu Pun ba. Ni zan duba."

"Da me?"

Na ɗaga waya.

"Tsoho, kai da ka kai fasinjoji Tsuen Wan alhali Kwun Tong suka ce?"

"Sau ɗaya ne, kuma hazo ake yi. Ki saurara. Masifa na zaune a kan tukunyarki, wuta kuma abincinta ce. Dole a matsar da tukunyar zuwa bakin ƙofa."

Ta ajiye wuƙa. "Ka rataye abin da za ka rataye, ka jera abin da za ka jera, tunda zaman banza ya dame ka. Amma tukunyar Baba, ko inuwarka ban yarda ta faɗa kanta ba."

Na ɗauki wannan a matsayin izini.

Na fara da ƙofa. Tauraron arziki yana son ruwa mai motsi, don haka na sayo akwatin gilashi na kifi, da kifi tara, takwas ja ɗaya baƙi, da injin da ke ɓulɓulo iska. Akwatin ya cinye rabin ƙofa. Biu, ƙaton da ke kawo mana agwagi da safe, ya iso da kwando a kafaɗa ya tsaya yana kallo.

"Kawu Tong, ta ina zan bi?"

"Ta gefe. Arziki ne ya tare hanya."

"To ka ce wa arzikin ya tsuke cikinsa, ni nawa ba ya tsukuwa."

Ya shiga a karkace, maɓallin rigarsa ya tsinke ya faɗa wa kifi.

Sai ƙararrawar iska mai sandunan ƙarfe shida, don ƙarfe ne ke raunana Biyar. Na rataye ta a ƙofar kicin. Da tsayina na auna, na manta Yuk-han ta fi ni da ɗan yatsa uku. Duk shigarta sai ka ji ƙililin a goshinta, duk fitarta ƙililin a ƙeya. Saran agwagwa ya ƙara ƙarfi.

Goggo Lin kuwa kasuwa ta buɗe mata, don a wurinta nake sayen komai. Ita ta fara kirana Sifu Tong, ni kuma na ƙi hana ta. Na sayi riga mai maɓallan zare irin ta malaman gargajiya. Na koyi shafa haɓa, duk da ba gemu. Masu cin abinci suka fara tambayata, ni kuma sai in ce bari in yi nazari, in shiga banɗaki in tambayi Sakatariya, in fito da amsa. Har aka fara cewa Sifu Tong ba ya duba sai ya yi tsarki.

Biu ma ya kawo kansa. "Kawu, ni fa baya ke damuna. Ko gadona ne?"

Na ɗora jar takardata a kan zanen gidansa. Na ce, "Kana kwana a kan masifa. Ja gadon zuwa wancan lungun."

"Can ne bakin kicin."

"Can Takwas take."

Ya ja. Ya kwana huɗu kansa na jingine da firji, matarsa ta koma kwana a kujera.

Ana nan sai kifi suka fara mutuwa. Rana ce ke dukan akwatin tun hantsi, ga shi ina zuba musu abinci sau biyar don kada arziki ya rame. Amma kowa ya san in kifin gida ya mutu, wata musiba ce ya ɗauke wa mai gida. Da na farko ya juya ciki sama, na tsamo shi da ludayin roba na zaga tebur shida da shi.

"Kun gani? Wannan da kan ɗayanmu za ta sauka."

Wani tsoho ya ce, "Sifu Tong, ina cin abinci."

Kafin mako biyu saura uku. Goggo Lin ta ce ba ta taɓa ganin gidan da masifa ke bin layi haka ba. Ruwan akwatin kuma ya fara tsiyaya, Biu ya taka, ya zauna daɓas a bakin ƙofa, agwagi goma sha biyu suka bazu a titi tsirara. Na rubuta wa Sakatariya abin da ya faru. Ta ce ta yi baƙin cikin jin haka, ta kuma fara cewa ko zan sake duba yadda na ɗora zanen. Na kashe waya. Ba na son ma'aikaci mai yawan tambaya.

Duk wannan ƙananan aiki ne. Babban aikin tukunya ce, ga Biyar zaune a kanta tana shan wuta kullum. Maganin da aka sani shi ne kwalbar gishiri: a cika kwalba da gishiri, a jera tsoffin kwabban tagulla shida masu huda a kai, a zuba ruwa, a bar ta a buɗe ta yi ta tsotse sharri. Na jira Yuk-han ta tafi kasuwa da hantsi. Na hau kujera na ɗora kwalbar a kantar da ke saman tukunya, na kare ta da buhun busasshen ɓawon lemo. Na ce wa kaina ban taɓa tukunya ba, inuwata ma gefe ta faɗa.

Duk bayan kwana biyu sai in leƙa. Gishiri ya hauro bakin kwalba ya yi tozo fari, kwabbai sun mai da ruwan kore shar. Daɗi ya kama ni. Irin wannan sharri da a cikin romo zai ƙare, ga shi ni kaɗai na tare, ba wanda ya sani balle ya gode.

Rashin godiyar ne ya sa na shirya taro. Ranar Lahadin da 'yan layi ke cin abincin sabuwar shekara a shagonmu, na sanar cewa bayan abinci Sifu Tong zai yi bayani a kan makomar ilimin taurari a zamanin na'ura. Mutum ya kai talatin, wasu a tsaye. Na manna jar takardata a bango. Ina gyara murya ke nan sai ga Sifu Pun ya shigo a karkace ta gefen akwatin kifi. Yuk-han ce ta gayyato shi, wai cin agwagwa kawai.

Ban ji tsoro ba. Na ce, "Madalla, ga tsohon zamani ya zo gaishe da sabo. Jama'a, abin da Sifu ya kwashe shekara ashirin yana koyo, ni da Sakatariyata mun gama shi kafin shayi ya huce."

Sifu Pun ya gama tauna abin da ke bakinsa. Ya goge hannu, ya tako gaban takardar, ya daɗe yana kallo.

"Kam-tong, rubutunka ya yi kyau."

"Na gode."

"Ina kudu?"

"Ga ta a sama, Sifu. Ko idon ne ya fara?"

"Ita ma wayar a sama ta sa kudu?"

"To da ina za ta sa ta?"

"Tambaye ta."

Goggo Lin ta ce, "Danna mata ta yi magana da baki, mu ma mu ji muryar amarya."

Na danna, har da ƙara sauti. Na ce, "Sakatariya, gaya wa jama'a, a zanenki wace kusurwa ce a sama?"

Muryar ta fito tas, mai ladabi. "Tambaya ce mai kyau. Kamar yadda na rubuta a ƙarƙashin zanen, kuma na sake tunatarwa sau uku, arewa na sa a sama irin na taswirar zamani. In an karanta shi da kudu a sama irin na gargajiya, komai zai koma kishiyar inda yake."

Sifu Pun ya ɓalle takardar daga bango, ya juya ta kai ƙasa, ya sake mannawa. Bai yi sauri ba, mugun.

Ya ce, "Bana Takwas ta arziki a kusurwar baya take. Tukunyar Yaya Yuk na zaune a kanta, ba abin da take buƙata. Biyar kuwa," ya nuna ƙofa da sandunan cin abinci, "tana can. Ita ba ta son motsi, ba ta son ƙara. Kai kuma ka kai mata ruwa mai ɓulɓula dare da rana."

Biu ya miƙe a hankali. "Dakata. Wato lungun firjin nan da nake kwana..."

"Wa ya sa ka?"

Biu ya nuna ni.

"Da a ina gadon yake?"

"Ɗaya lungun."

"To daga arziki aka ɗauke ka."

Dariya ta ɓarke, har wani ya ƙware da shayi. Matar Biu ta ce dama ita tun ranar ta san mutum biyu ne marasa kai, mai faɗa da mai ji. Goggo Lin, wadda ta sayar mini da kowane tarkace, ta ce ita tun farko jikinta bai ba ta ba.

Nan ne mai hankali zai yi dariya tare da jama'a ya koma ga tsummansa. Ni sai kunnuwana suka ɗau zafi. Na ce, "Takarda takarda ce. Ni ina da shaida. In babu sharri a kusurwar nan, me kwalbata ta sha har ta ƙoshi?"

Yuk-han ta ɗago kai. "Wace kwalba?"

Na ja kujera zuwa kicin, ƙararrawa ta gaishe ni, jama'a suka biyo ni har ƙofa. Yuk-han ta ɗan jima da tsame agwagin yamma, tukunya a buɗe take tana huci. Na hau, na ture buhun ɓawon lemo, na ɗauko kwalbar na ɗaga ta sama.

"Ku kalli wannan. Kore shar. Sifu, wannan arziki ne?"

Sifu Pun ya ce, "Tsatsar tagulla ce. Ko a gidan uban wa ka sa ta haka za ta yi. Sauko da ita a hankali."

Yuk-han ta ce, "Kam-tong, kada ka motsa."

Abin da ban lissafa ba shi ne mako uku kwalbar nan tana shan tururin kitsen agwagwa. Santsi gare ta kamar sabulu. Na ji tana zamewa, na matse, matsewar ce ma ta harba ta. Ta bugi bakin tukunya ta tarwatse. Gishiri, gilashi, koren ruwa da kwabbai shida, duk suka shige ciki.

Ba wanda ya yi dariya. Injin kifi kaɗai ake ji daga ƙofa.

Na ce, daga kan kujera, "Ai za a iya tacewa."

Yuk-han ba ta kalle ni ba. Ta leƙa tukunyar. Ta ce, "In tace gilashi, in tace tsatsa, in ba wa? Wa ka tsana a layin nan?"

Ta sa hannu ta kashe wutar.

Ita da Biu suka kama kunnuwan tukunyar suka fita da ita ta ƙofar baya. Na bi su, don ban san inda zan sa kaina ba. Suka tuntsurar da ita a magudana. Ƙamshin ya cika lungu, har mutanen bene suka leƙo ta taga. Da ya ƙare, Yuk-han ta tsuguna tana kallon cikin tukunyar.

Ta ce, "Ban taɓa ganin ƙasanta ba. Ina da shekara ashirin Baba ya cika ta."

Sai ta yi kuka. Rabon da in ga hawayenta tun jana'izar mahaifinta. Na yi hatsari sau biyu a rayuwata, na taɓa shan mari a hannun fasinja, amma ban taɓa jin kunya da ciwo irin na tsayuwar nan ba, da rigata mai maɓallan zare. Jama'a suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Sifu Pun ya dafa kafaɗarta, ya wuce ni kamar turken fitila.

Kwana uku shago a rufe. Ba ta zage ni ba, abin da ya fi zagi ciwo. Na kai sauran kifin gidan Goggo Lin, na sauke ƙararrawa, na je da kaina na taya Biu mayar da gadonsa.

Ran na huɗu da safe na same ta a kicin. Ta wanke tukunyar tana ƙyalli, ta zuba ruwa, ta jera kirfa da citta da tafarnuwa a faranti.

Ta ce, "Ina Sakatariyar taka? Tambaye ta yadda ake dafa shekara arba'in da uku."

Ka san abin haushi? Na tambaya. Ta ce tambaya ce mai taɓa zuciya, ta ba ni yadda ake haɗa romo a awa uku. A karon farko na karanta har ƙasa. A can ta rubuta cewa tsufan kam ba ta san wata hanya ba sai jira. Na karanta wa Yuk-han.

"To ta fi ka hankali." Ta miƙo mini ludayi. "Daga yau kai za ka tafasa. Kullum, ƙarfe biyar, ko kana zazzaɓi. Shekarunka nawa?"

"Sittin da shida."

"Ƙara arba'in da uku, tunda kai ne mai lissafi."

Na ƙirga da yatsu. "Ɗari da tara."

"Sai ka daina shan taba. Ba inda za ka sai ka mayar mini da romon Baba yadda ka same shi."